Bishiya ko Itace

Da hantsi aka kawo ta a bayan wata a-kori-kura, gindinta ɗaure da igiya, kanta yana sharar titi. Samari huɗu suka sauke ta, na biyar yana biye da su da waya a hannu yana ɗaukar hoto. Watan Disamba bai fi kwana goma da kamawa ba, amma hazo ya riga ya lulluɓe Kaduna, har mutum yana iya duban rana ido da ido ba tare da ya ƙifta ba. Kafin Hajiya, shugabar gidan, ta fito daga ɗakin magani, an riga an shigar da bishiyar falo, an kafa ta a cikin tsohon bokitin fenti da aka cika da yashi, ana naɗa mata wayar ƙananan fitilu, ana manna mata curin auduga a rassa a madadin ƙanƙarar da kusan babu wanda ya taɓa gani a gidan. Ƙamshinta ya cika ɗakin, wani ƙamshi mai sanyi da ke tsakanin na turaren wuta da na man zafi. Shugaban samarin ya rusuna ya gaishe ta, ya ce kyauta ce daga ƙungiyarsu, don iyaye su san ba a manta da su ba. Hajiya ta dubi bishiyar, ta dubi ƙofar falon, wadda ita kaɗai ce mafita daga ɗakunan kwana, ta ce, “Allah ya saka da alheri.” Ba ta ƙara komai ba.

Gidan yana wata unguwa a arewacin kogi, tsakanin Kawo da Malali. Asalinsa gidan zama ne irin na manyan ma'aikatan da, aka ƙara masa ɗakuna ta baya. Tsofaffi 14 ne a cikinsa a wannan shekarar: uku ba sa tashi daga gado, huɗu sai da keken guragu, sauran kuma suna takawa da sanda ko suna dafa bango. Irin wannan gida baƙo ne a tunanin Bahaushe. Sunan da aka ba shi ma, gidan gajiyayyu, yana ɗauke da tausayi haɗe da ɗan zargi, domin a al'ada wurin tsoho shi ne ɗakinsa a gidan 'ya'yansa, jikoki na shiga suna fita, kuma abin kunya ne a ji an kai mahaifin wane hannun bare. Ko a Kano, inda gidan gajiyayyu na Shahuci ya daɗe, ba a samun mai alfahari da cewa nasa yana can. To amma Kaduna garin zuwa ne. Tun da Turawan mulkin mallaka suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917, aiki ne yake kawo mutane: jirgin ƙasa, soja, aikin gwamnati, daga baya kuma masaƙun Kakuri, waɗanda ta farkonsu ta fara aiki a 1957. Da masaƙun suka durƙushe, fansho ya yi wuya, 'ya'ya suka watsu neman abinci, sai aka wayi gari da tsofaffin da suka baro ƙauye tun da ƙuruciya, babu gonar komawa, babu zauren zama. Su ne mutanen wannan gida. Tara daga cikinsu Musulmi ne, biyar Kirista.

Wannan lissafi na ƙarshe shi ne ya ɗaure bakin Hajiya. Shekara talatin da ɗoriya ta yi tana aikin jinya kafin ta yi ritaya, har da wasu shekaru a ɗakin masu ƙuna, don haka ba ta buƙatar a gaya mata abin da busasshen reshe da wayar lantarki suke haifarwa idan suka kwana ɗaki ɗaya. Amma ta san garin da take ciki. Rikicin Shari'a na watannin Fabrairu da Mayun 2000, da na gasar sarauniyar kyau a Nuwamban 2002, ba rayuka kaɗai suka ci ba, sun sake rabon unguwanni. Kiristoci da yawa suka tsallaka gada zuwa Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Romi, Musulmi da yawa suka yiwo arewa, har kogin ya zama wata iyaka da ba a zana a taswira ba amma kowane ɗan acaɓa ya san da ita. A irin wannan wuri, idan mace Musulma mai lulluɓi ta ce a fitar da bishiyar Kirsimeti daga falo, maganar ba za ta isa ƙofar gida a matsayin maganar gobara ba. Kafin la'asar ta hau Facebook sanye da wata riga dabam. Hajiya ta auna wutar da za ta iya tashi a falo da wutar da za ta iya tashi a gari, ta zaɓi yin shiru, ta ce wa kanta mako biyu ne kawai. Kuskure ne, amma irin wanda duk wanda ya zauna Kaduna a waɗancan shekaru zai gane daga ina ya fito.

Akwai kuma Mama. Haka kowa yake kiranta, har waɗanda suka girme ta. Daga wani ƙauye na kudancin jihar aka kawo ta Kaduna tana yarinya, gab da samun 'yancin kai, ta yi raino da wanke-wanke a gidan wani Bature a Unguwar Rimi. Ta yi aure a arewacin kogi, ta haihu a can, ta binne miji a can. A rikicin 2000 maƙwabtanta Musulmi ne suka ɓoye ta a ɗakin amaryar gidansu kwana uku, da ƙura ta lafa kuma 'yan cocinsu suka yi ta ƙaura, ita ta ce ba inda za ta. Yanzu ido ya tafi, sai dai ta bambanta haske da duhu. Ranar da aka kawo bishiyar tana kwance a ɗaki, ƙamshin ya iske ta, sai ta ce a tura ta falo. Ta miƙa hannu ta shafa reshe, ta murza ganyen a tsakanin yatsu ta kai hanci, ta daɗe ba ta ce komai ba. Daga ranar kullum da safe a nan take zama. Ma'aikatan gidan sun lura ta fara cinye abincinta, abin da ta yi watanni ba ta yi ba. Duk wanda zai yi magana a kan illar bishiyar dole ya fara amincewa da wannan: ta yi wa mutum ɗaya aikin da magani bai yi ba.

Abin mamaki shi ne bishiyar ba ta cikin Kirsimetin da Mama ta tashi da shi. A ƙauyensu bikin shinkafa ne da nama da sabon zane, da waƙar mata tun daga asuba, da yara suna bin gida-gida. Idan an yi wa coci ado, da ganyen kwakwa ko na giginya ake yi. Babu ita a labarin haihuwar Almasihu a Littafi Mai Tsarki, wanda cikakkiyar fassararsa ta Hausa ta fito tun 1932. Al'ada ce ta ƙasashen Jamusawa da ta bayyana wajen ƙarni na 16, ta bazu a Ingila bayan wata jaridar London ta buga zanen Sarauniya Biktoriya da mijinta Yarima Albat da 'ya'yansu kewaye da ita a 1848, daga nan ta biyo jami'an mulkin mallaka da 'yan mishan zuwa inda duk suka je. A inda aka ƙirƙiro ta, Disamba watan sanyi ne mai danshi, kuma a tsohuwar al'adar Jamus sai ranar jajibere ake kafa ta. Su kansu irin waɗannan bishiyoyi masu ganye kamar allura ba 'yan ƙasa ba ne a nan. Masana gandun daji ne suka shigo da irinsu, musamman Pinus caribaea, suka gwada shuka su a gandun Afaka da ke gefen Kaduna da kuma kan tsaunukan Jos, don katako da ɓawon yin takarda, ba don ado ba. Ke nan abin da Mama ta shaƙa ba ƙamshin ƙauyensu ba ne. Ƙamshin falon Bature ne, da ƙuruciyarta, da lokacin da Kirsimeti a Unguwar Rimi bai zama abin da za a tambayi dalilinsa ba.

Manazarcin harshe zai lura cewa Hausa ta riga ta yanke hukunci a kan wannan abu tun kafin a kawo shi. Muna da bishiya, muna da itace. Bishiya tana tsaye ne da saiwarta, tana ba da inuwa, ana zama a gindinta. Itace kuwa kalma ce mai fuska biyu: tana nufin mai rai, kamar yadda ake cewa 'ya'yan itace, tana kuma nufin abin da aka saro aka ɗaure ake sayarwa a bakin hanya don a hura wuta. Ba a cewa a je a sayo bishiya a dafa tuwo. Da aka fassara sunan wannan abin ado aka ce bishiyar Kirsimeti, sai kalmar ta lulluɓe gaskiyar cewa gatari ya riga ya raba ta da ƙasa. Abin da yake tsaye a falon, daga ranar da aka sare shi, yana kan hanyarsa ne daga ma'anar farko zuwa ta biyu, kuma kwanaki kaɗai ake ƙirgawa. A ƙasashen da suka saba da ita, sukan sake yanke ɗan gindin kafin su kafa ta, domin ƙaron da ke fita daga wurin saran yana toshe hanyoyin shan ruwa cikin 'yan sa'o'i. Sannan su tsoma ta a mazubi mai ruwa, su riƙa ƙarawa kullum, don mai matsakaicin girma tana iya shanye lita uku ko huɗu a yini. Wadda aka kawo gidan Hajiya ta kwana a bakin titi wurin masu sayar da furanni, ta sha rana a bayan mota, aka kuma soka ta cikin busasshen yashi. Ko da an zuba mata ruwa, bakin da za ta sha da shi ya riga ya rufe.

Sannan ga hunturu. Iskar da ke kaɗowa daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar da yawancinta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa, takan sauke danshin iska a Kaduna zuwa ƙasa da kashi 20 cikin 100 da tsakar rana. Ita ce take fasa leɓe da dunduniya, take sa bangon littafi ya lanƙwashe, take busar da wanki kafin a gama shanya. Kowa ya san lokacin gobarar kasuwanni ke nan. Ganyen da zai yi mako uku yana ɗanye a Turai, a nan kwana biyar ya ishe shi, kuma ƙaron da ke ba shi ƙamshin nan shi ne man da zai ciyar da wutar. Hukumar gwaje-gwaje ta gwamnatin Amurka, NIST, ta taɓa ɗaukar hoton bidiyon yadda irin wannan busasshiyar bishiya take kamawa a cikin ɗaki: ƙasa da minti guda wuta ta kai rufi, kujeru da labule suka kama gaba ɗaya. Ba kuma a ɗakin gwaji kaɗai aka gani ba. A jajiberen Kirsimetin 1924, kyandir ya taɓa reshe a wata makarantar ƙauye da ake kira Babbs Switch a jihar Oklahoma, mutum 36 suka mutu, domin ƙofar ɗaya ce kuma ciki take buɗewa, tagogin kuma an toshe su da ragar ƙarfe. A jajiberen 1945, tartsatsi daga fitilun bishiya ya kama audugar ado a wani gidan jinya da ke titin Niles a birnin Hartford, mutum 21 suka rasu, yawancinsu marasa lafiya tsofaffi. Shi ya sa dokar kashe gobara da jihohin Amurka da yawa suke bi ta hana shigar da sararriyar bishiya asibitoci da gidajen kula da tsofaffi. Mai karatu ya koma ya dubi falon Hajiya da waɗannan a zuciyarsa: ƙofa ɗaya, tagogi masu ƙarfen hana ɓarayi, silin na kwali, katifun soso, tukunyar iskar oksijin a ɗaki na biyu, ma'aikata biyu kacal da dare, da wutar lantarkin da ake ɗaukewa a dawo da ita lokacin da aka ga dama, wani sa'in da ƙarfin da ke fasa ƙwan fitila.

Sai dai ba gobara ce ta fara nuna kanta ba. Ƙananan abubuwa ne, irin waɗanda ba sa shiga jarida. A rana ta huɗu ganyen ya fara zuba, siri-siri, yana tarwatsuwa a kan tayil, kuma a ƙarƙashin silifas ko robar gindin sanda ba shi da bambanci da tsakuwar da aka watsa a kan gilashi. Mai shara ta riƙa share falon sau uku a yini, duk da haka wata tsohuwa ta zame a hanyarta ta zuwa alwala, Allah ya taƙaita abin a gurɗewar wuyan hannu. Wanda ya yi aiki da tsofaffi ya san karayar ƙugu a shekara tamanin sau da yawa ita ce kwanciyar da ba a tashi. Wani dattijo mai gigin tsufa aka iske da ɗaya daga cikin jajayen ƙwallayen adon a bakinsa, ya ɗauka tumatir ne. Bishiyar da bokitinta sun cinye kusurwar da keken guragu yake juyawa, don haka sai an ja da baya sau biyu kafin a fita.

Wanda ya fi jin jiki shi ne Baba, tsohon ma'aikacin masaƙa, wanda ya yi shekara ashirin da wani abu a sashen da ake sheƙe auduga, ya fito da takardar sallama da ƙirjin da ke kuka kamar tsohuwar zuga-zugi. Kowane hunturu dama jarrabawa ce gare shi. Bishiyar da aka saro daga waje kuwa ba ita kaɗai take shigowa ba: tana tafe da ƙurar da ta taru a rassanta, da ƙwayoyin funfuna a ɓawonta, da ƙananan ƙwari, ga kuma shi kansa ƙamshin, wanda ga lafiyayye daɗi ne, ga mai fuka kuwa yana iya zama abin da zai shaƙe shi. Baba ya daina fitowa falo. Bai yi ƙorafi ba. Da aka tambaye shi ya ce sanyi yake ji. Daga baya ya gaya wa ma'aikaciyar dare cewa ba ya so a ce shi ne ya hana Mama bikinta, alhali ita ce take ajiye masa naman miyarta tun da haƙoranta suka ƙare. A falon nan ne akwai talabijin, a nan ake hira, a nan baƙi suke zama. Kyautar da aka kawo don kada tsofaffi su ji an manta da su ta mayar da ɗaya daga cikinsu ɗaki shi kaɗai, da abin shaƙa a hannu.

A dare na tara, wajen ƙarfe biyu, aka dawo da wuta. An manta ba a zare fitilun daga soket ba lokacin da aka ɗauke ta da magariba. Ma'aikaciyar dare tana gyangyaɗi a kujera sai ta ji warin roba. Wayar ta narke a wuri ɗaya, curin audugar da ke kusa ya fara hayaƙi, jan wuta yana tafiya a cikinsa kamar a bakin taba. Ta fizge wayar daga bango, ta ƙwala wa maigadi kira, ya shigo da butar alwala ya juye. Shi ke nan abin da ya faru, bai kai a kira 'yan kwana-kwana ba, yawancin tsofaffin ma ba su farka ba. Da safe Hajiya ta tsaya a bakin ɗakin farko da agogo a hannu, ta sa ma'aikata biyu su ɗauko mutum ɗaya daga gado su fitar da shi tsakar gida. Minti uku da 'yan daƙiƙoƙi, da rana tsaka, babu hayaƙi, babu firgita. Ta ninka a zuciyarta, ta mayar da agogon aljihu, ta nufi ɗakin Mama.

Ta durƙusa a gefen gadon ta gaishe ta, ta tambayi kwanan jiki, ta tambayi sanyi. Sannan ta ce, “Mama, roƙo na zo yi.”

“A kan itacen nan ne,” in ji Mama. “Na ji ihun yarinyar nan jiya. Ido ne ba ni da shi, 'yata, kunne da hanci suna nan. Tun shekaranjiya ƙamshin ya juya. Ya mutu.”

Hajiya ta fara bayanin ƙofa da tagogi da ƙirjin Baba, Mama ta ɗaga hannu ta tsayar da ita.

“Na sani. Amma ba ke za ki faɗa ba. Idan ke kika faɗa, wani abu za su ji. Ki kira mini yaran, ki kira Fasto, ni zan ce a fitar.” Ta yi shiru, sannan ta ƙara da cewa, “Da aka ce in tsallaka gada ban tsallaka ba. Ban zaci itace ne zai riga ni fita daga gidan nan ba.”

Dariya ta yi da ta faɗi haka, amma ranar ba ta ci abincin rana ba.

Zai yi daɗi a ce kowa ya fahimta. Fasto ya fahimta, har ya ce shi ma a cocinsu ta roba suke kafawa. Ɗaya daga cikin tsofaffin Kiristocin bai yarda ba, ya ce da ragon Layya ne da an sama masa wuri, aka tuna masa cewa ragon a bayan gida ake ɗaure shi ba a falo ba, ya ce duk ɗaya ne. Samarin suka zo suka saurari Mama cikin ladabi, amma fuskar shugabansu ta nuna ya ɗauka an sa ta ne. Shekarar da ta biyo baya ba su dawo ba, buhunan shinkafa biyu da katan ɗin sabulun da suka saba haɗowa da su ma ba su dawo ba. Wannan asara ce ta gaske ga gidan da yake rayuwa a kan abin da aka kawo. Ba a kuma ce niyyarsu ba ta da kyau ba. Abin da ya faru shi ne abin da yake yawan faruwa da alherin lokacin biki, na Kirsimeti ne ko na Sallah: mai bayarwa yakan zaɓi abin da zai yi kyau a idonsa, ya zo da rana, ya yi awa guda, ya tafi, ba ya nan da ƙarfe biyun dare. Babu wanda ya tambayi Hajiya tun farko me gidan yake buƙata. Da an tambaya, da ta ce barguna, da man shafawa, da tukunyar kashe gobara ko da guda biyu, da kafinta da zai fasa ƙofa ta biyu a bangon baya.

An yi shawarar sayen ta roba. Hajiya ba ta ƙi ba, ba ta kuma yi ɗoki ba: ba ta zubar da ganye, ba ta bushewa, amma tana tara ƙura a shekarar da take yi a cikin kwali, idan kuma wuta ta kama ta hayaƙinta baƙi ne mai guba. Ga Mama kuwa ba ta da wani amfani, tun da ba ta gani, roba kuma ba ta ƙamshi. A ƙarshe fitilu masu batir aka saya aka rataya a darbejiyar da ke tsakar gida, wadda take tsaye da saiwarta tun kafin a haifi samarin. Ta yi kyau da dare, sai dai ɗari bai bar kowa ya zauna waje ya kalla ba. Maigadi da masu wucewa a titi ne suka fi morar ta. Mama aka yanko mata reshe ɗaya ɗanye daga wurin masu furanni, tsawon tafin hannu, aka sa a kofin ruwa a kan akwatin da ke gefen gadonta, ana canza shi duk bayan kwana uku. Ɗakinta yana can ƙarshen baranda, nesa da na Baba. Shi kuma ya koma kujerarsa ta gaban talabijin a rana ta biyu bayan an wanke falon.

Ita kuwa babbar, an ja ta zuwa bayan kicin aka jingine ta a bango, ta yi kwana shida a can. Ranar Kirsimeti da asuba gas ya ƙare, ga dafa-dukar mutum talatin, don matan coci sun ce za su zo da waƙa. Mai girki ta haɗa murhu a waje, ta dubi itacen da ke jingine, ta sa maigadi ya daddatsa shi. Ta tura reshe ɗaya ƙarƙashin tukunya ta ƙyasta ashana. Wutar ta tashi fuu lokaci guda, ta wuce bakin tukunyar, har matar ta yi baya da sauri tana salati, gefen ɗankwalinta ya babbake. Hajiya tana tsaye a ƙofar kicin, ba ta ce komai ba. Daga can baranda, inda aka turo ta ta sha hantsi, Mama ta ɗaga kai ta shaƙi iska, ta tambaya ko an sa wa shinkafar isasshen barkono.